Kifayen Jan Zare

Tun ranar da kuka zo ɗakin nan na ji abin da kuke faɗa a bakin famfo, don kunnena bai tsufa kamar gwiwata ba. Wai aikin Ammu Ɗahiru ai hutu ne: ya zauna cikin sanyi, ya barbaɗa wa kifi gari, wata ya ƙare ya miƙa hannu. To, madalla. Tunda Duktura, mai ɗakin binciken nan, ta ce in koya muku kafin in ajiye aiki, ku jawo kujeru ku zauna in ba ku labarin hutun da na sha.

A Umbadda aka haife ni, wata unguwa ce a Omdurman, tsallaken Nilu daga Khartum. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano ya je ya sauke farali, a hanyar komawa ya ce bari ya yi noman damina ɗaya a Sudan ya sami guzuri. Daminar ce ba ta ƙare ba har yau. Ban yi nisa a karatu ba aka kai ni wata gonar kifi can kudu, a bakin Farin Nilu, hannun wani dattijo da ake kira Ammu Bashir, wato Baffa Bashir. Mutumin nan ba ya amsa gaisuwar safe sai ya shinshina hannunka. In ya ji sabulu, ko turare, ko man shafawa, sai ya nuna maka ƙofa da haɓa, ranar ba ka da aiki. Na daɗe ina ɗauka muguntar tsufa ce kawai. Na shekara ina wanke bokiti da ruwa zalla kafin ya yarda in taɓa kifi. Shi ya sa nake shinshina hannuwanku kuna ɓata rai. A garin da mutum ba ya fita sai ya yi wanka da turare, ba ranar da nake tsoro kamar ranar da ɗaliba ta dawo daga biki, lalle har gwiwar hannu, ƙamshin humra na gaba tana biye, ta ce za ta ɗan ɗebi ƙwai ne kawai ta fita.

Daga gonar nan Duktura ta ɗauko ni, lokacin da ta dawo daga karatu a waje da kifayenta cikin leda. Da na ga abin da za a ba ni kiwo sai dariya ta kama ni. Ni da na saba da karfasa mai cika faranti, ga wani ɗan abu bai kai ɗan yatsana ba, da ratsi-ratsi a jiki kamar an zana masa da biro. Zebra ake ce masa saboda zanen nan irin na jakin dawa. Na tambaye ta nawa za a sayar in sun girma, ta ce ai sun gama girma ke nan.

Aikin da ya fi cin raina shi ne ruwa, kuma shi ne wanda ba a gani. Ba a zuba wa kifin nan ruwan famfo kai tsaye, don maganin da ake sa masa mu sha yana ƙona musu wurin numfashi. Sai an tara shi a ganga ya kwana, ya sake kwana, a tace, a sa ɗan gishiri daidai awo. In Nilu ya kawo a damina, famfo ya koma zubo wani abu mai kalar shayi da madara, aikin ya ninka, ka tace sau uku ka ga laka kwance a gindin ganga tana jiranka. Sannan ga zafi. Kifin yana son ɗumi, amma ɗumin ƙasarsu, ba irin na Khartum ba. Ranar da aka ɗauke wuta da tsakar rana, janareto kuma ba mai, sai in tari raksha, keken nan mai ƙafa uku, in tafi wurin masu ƙanƙara in ɗauko bulo, in farfasa, in ƙulla a leda in tsoma a tankuna, in lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Famfon da ke hura wa ruwan iska ya tsaya, saboda haka sai in ɗauki kofi ina ɗiban ruwan ina tsiyayawa daga sama don iska ta shiga, daga wannan tanki zuwa wancan, in kai ƙarshe in dawo farko. Kafaɗar nan tawa ta dama da kuke gani a karkace, a nan ta karkace.

Haɗa aure kuwa da yamma ake yi. Za ka zaɓi mace, ita ce mai tumbi da farin ciki, ka zaɓi namiji, siriri mai ɗan ja-ja, ka sa su a ƙaramin akwati da katangar roba a tsakaninsu, su kwana suna kallon juna. A ƙarƙashinsu akwai raga, don in ba raga ƙwan da suka zuba su ne za su fara karyawa da shi. Da safe ana kunna fitila ka zare katangar. Wannan safiyar ita ce ta hana ni barcin bayan asuba tsawon rayuwata, domin daga Umbadda sai na hau hafila biyu, wato bas, na tsallake gada kafin in iso, kuma kifi ba ya jiran wanda cunkoso ya riƙe. In sun zuba, ka tace ƙwan, ka zuba a faranti, ka zauna da ɗan bututu kana tsince matattu, waɗanda suka yi fari, ɗaya bayan ɗaya. Ka bar guda ɗaya, gobe ya ruɓar maka da farantin duka.

Masu sayen kayana su ne ɗalibai, ko da yake ba sa biya sai da ƙorafi. Wani zai zo da la'asar ya ce gobe yana son ƙwai cike da faranti, kamar tumatir ne zan je kasuwa in auno. In na ce kifayen sun zuba shekaranjiya, suna bukatar hutu, ya ce malaminsa na jira. Wata ta ce ƙwan da na ba ta ne ba su da kyau, shi ya sa gwajinta ya ƙi. Na ga masu kuka, na ga masu zagi da Larabci suna zaton Hausa kawai nake ji. Yawancinsu yaran kirki ne, tsoro ne ke sa su haka, don shekarun mutum kan rataya a kan abin da ke cikin farantin nan.

A cikinsu akwai Ishaƙa. Daga Maraɗi ya zo, da kuɗin tallafin karatu da takardar zama mai wa'adi, yana neman digirin dakta a hannun Duktura. Dogo ne, ba ya son magana, kuma Larabcinsa na littafi ne, har masu shayi a bakin ƙofa suna ce masa liman. Ranar da ya ji na yi wa wani tanki tsawa da Hausa, ya tsaya kamar ya ga ɗan'uwansa a tasha. Daga nan ya zama ɗan gida. Yana yi wa Hausata dariya, wai rabinta Larabci ce, ni kuma ina ce masa tasa ta ƙauye ce.

Shi ne ya fara zaunar da ni gaban madubin nan mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Na yi shekaru ina kiwon kifin ban san me ake nema a jikinsa ba, iyakata ruwa da abinci. Ya ɗauko ɗan kifi mai 'yan kwanaki da ƙyanƙyashewa, ya sa masa maganin barci, ya kwantar da shi, ya ce in duba. Jikinsa garau kamar gilas. Ga zuciya tana bugawa, ga jini yana gudu a jijiya ƙwaya-ƙwaya, kamar motoci a kan gada. Sai ya ɗauki allurar gilas da ya ja a kan wuta har ta fi gashi siranta, ya ɗan soki jijiyar wutsiya. Jini ya fito, ya fito, sai na ga ƙwayoyin suna taruwa a bakin ciwon suna manne wa juna, har suka toshe shi. Ya ce abin da ke faruwa ke nan in na yanke da reza, kuma kayan aikin da jikin kifin nan yake daskarar da jini da su kusan irin namu ne. Hanta ce ke ƙera yawancinsu, amma akwai umarni da ake gado daga iyaye, wanda ke gaya wa hantar ta ƙera da yawa ko kaɗan. Wannan umarnin yake nema. In an gane shi, wata rana zai yi amfani ga yaron da aka yi wa kaciya jini ya ƙi tsayawa, ko macen da ta haihu ta yi ta zuba.

Shekara biyu ya yi yana sokar wutsiya. Kifayen da Duktura ta kawo an taɓa gadon kakanninsu da magani tun a can waje, saboda haka kowane dangi yana ɗauke da wata tawaya tasa da ba a sani ba. Ni in haɗa aure, shi ya soka ya duba, jini ya tsaya, mu wuce dangi na gaba. Har wata safiya ya kira ni ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce in zo in gani ko idonsa ne. Na duba. Jinin yana ta fita, ba ya da niyyar tsayawa. Muka gwada 'yan'uwansa, kusan ɗaya cikin huɗu haka suke. Ya ce mini kamar sikila ne: uwa lafiya, uba lafiya, amma kowannensu yana ɗauke da abin a ɓoye, sai sun haɗu yake fitowa a jikin ɗa. 'Ya'yan masu zubar jinin ba sa rayuwa su girma, don haka dukiyar tana jikin iyaye da 'yan'uwa masu ɗauke da abin, waɗanda a ido ba su da bambanci da kowane zebra a duniya. Ba shi kuma da wani gwaji da zai nuna mai ɗauke da shi, tunda bai gano wurin da tawayar take a cikin gadon ba tukuna. Na ciro jan zare na ɗaura a tankunansu biyu don kada hannu ya kuskure. Tun daga ranar ake ce musu 'yan jan zare.

Ku riƙe wannan, don shi ne gindin labarin: duk digirin Ishaƙa yana cikin tankunan nan biyu, kuma abin da ya rage masa na wa'adi bai fi ya gano wurin ya rubuta ba.

Sai shekarar korona ta zo. Aka ce za a rufe jami'a, a rufe gadoji, kowa ya zauna unguwarsu. Aka ba mu ɗan lokaci mu kwashe abin da za mu iya. Kifayen gama-gari muka rarraba wa duk wanda ya yarda ya ɗauka. 'Yan jan zare kuwa muka raba biyu, Duktura ta tafi da tanki ɗaya gidanta. Ɗayan ya kamata in tafi da shi, amma gidana na Umbadda rufin kwano ne, wuta sai ta ga dama, ruwa kuma na amalanken jaki muke saye, mai gishiri-gishiri. Ishaƙa ɗakin haya yake da wasu mutum uku, ba wurin ajiye ko buta. Sai na tuna da yayata Maimuna a Kalakla, can tsallaken gada. Gidanta yana da ɗaki mai kauri da na'urar sanyaya iska, famfonsu yana zuwa, kuma mace ce da ko allura ka ba ta ajiya, bayan shekara goma za ta miƙo maka ita da zarenta. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Na kai mata tankin da gangar ruwa da abinci, na nuna mata komai, muka ƙirga su tare. Na ce kada sabulu, kada turaren wuta a ɗakin, kada ta ƙara abinci don tausayi. Ta ce in tafi, ta raini yara bakwai, kifi ba zai gagare ta ba.

Aka rufe gada, ina Omdurman, kifi yana Kalakla. Bazara ta tsaya a kanmu. Ba a daɗe ba Duktura ta bugo waya, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce na'urar sanyinta ta ƙone, ba mai gyara da zai iya zuwa, ta wayi gari tankinta duka sun juya ciki sama. Saura na Yaya. Kullum sai Ishaƙa ya kira ni, ni kuma in kira ta, ta ce lafiya lau suke, suna ta wasa, har jikokinta sun raɗa musu sunaye. In mayar masa da amsa, in ji ya sauke numfashi.

Da aka sassauta, na hau mota na tafi Kalakla. Na tarar da tanki tsaf, ruwa garau, jan zarena yana nan. Na ƙirga, cif yadda na bari, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Wallahi har na ji kunyar kaina, na ce ni da nake taƙama da sana'a ban taɓa fitar da bazara ba asara ba. Ishaƙa ya saya mata sukari da ganyen shayi, ya je har gida ya durƙusa ya yi godiya, tana ta sa masa albarka.

Muka koma aiki. Na haɗa aure, ya soka, jini ya tsaya. Na sake haɗa wasu, jini ya tsaya. Da farko ba mu damu ba, don ba kowane ɗan dangin ne yake ɗauke da abin ba, dole wasu auren su fito lafiya. Amma mako ya bi mako, ko ɗa ɗaya mai zubar jini ba mu gani ba. Ishaƙa ya zargi allurarsa, ya ja sababbi. Ya zargi maganin barcin. Ya zargi idonsa. Ni na zargi ruwa, na wanke gangunan duka. Har ya fara tambayar kansa ko abin da ya gani a da ma mafarki ne, kuma na ga yaron yana ramewa a tsaye. Watanni muka kwashe a haka.

Ranar wata Juma'a na je gaida Yaya. Tana soya bunni, wato 'ya'yan gahawa, a kan gawayi, ina ta yi mata ƙorafin aiki, ina cewa kifayen nan tun da suka dawo daga hannunta suka warke, ko addu'a ta yi musu ne. Wasa nake yi. Sai ta yi murmushi irin na wanda aka yaba wa girki, ta ce ai dama ta san sababbin sun fi nawa ƙwari.

Na ce, “Waɗanne sababbi, Yaya?”

Ta ba ni labari tana daka gahawarta, ko a jikinta. Ashe a tsakiyar bazarar an ɗauke musu wuta kwana da kwanaki. Ta yi fifita, ta jiƙa zannuwa, ta kwana a gaban tankin, amma suka riƙa mutuwa, yau biyu, gobe biyar, har ta daina ƙirga. Waɗanda suka rage ba su cika tafin hannu ba. Ta rasa inda za ta sa kanta. Sai ta sa ɗaya daga cikin matattun a gishiri, ta ƙulle a bakin mayafinta, ta yi ta cigiya har aka kwatanta mata wani mai sayar da kifin ado a cikin gidansa. Da ƙafa ta je, lokacin ba motoci. Ta kwance ƙullin ta nuna masa, ta ce irin wannan take so, kuma ta tsaya a kansa tana gwada zane da zane, wanda ratsinsa bai yi daidai ba ta ce a mayar. Ta cika lissafi, ta zuba su tare da na asali.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na yi faɗa irin wanda ban taɓa yi mata ba tun da aka haife ni. Na ce na kira ta kullum, me ya hana ta faɗa mini. Ta ajiye taɓaryar, ta dube ni, ta ce:

“Ɗahiru, amana ka ba ni. In maƙwabciya ta bar mini kaza ta mutu, kaza nake saya in mayar mata, ba labari ba. Da wane ido zan dube ka in ce kayan mutane sun mutu a hannuna? Kai ma ba naka ba ne, na yaron nan baƙo ne.”

Na ce ai wannan ba kaza ba ce. Ta ce to mene ne, ba kifi ba ne, ba zanensu ɗaya ba? Na buɗe baki in yi mata bayanin gado da hanta da abin da ke ɓoye, sai na ga ba ta inda zan fara. Abin da aka koya mana tun muna yara shi ta yi, kuma ta yi shi da wahala. Na tambaye ta ko za ta iya nuna mini na asalin. Ta ce ita da ta sha rana don kada a bambanta su. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tausayinta ya kama ni, duka a lokaci guda. Ban sha gahawar ba na fito.

Da na gaya wa Ishaƙa, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kan bokiti gaban tankin. Da a ce tun farko an ce mana saura kaɗan, da mun san su, mun haɗa su da juna, cikin mako guda an wuce wurin. Yanzu kuwa 'yan ƙalilan ɗin sun ɓace cikin baƙi, kuma ba mu san ko akwai mai ɗauke da abin a cikinsu ba. In ma akwai, muddin da baƙo aka haɗa shi, 'ya'yan lafiya za su fito. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na yi wa Hajiya, wato Yaya, faɗa. Na ce na yi. Ya ce bai kamata ba.

Duktura ta ce hanya ɗaya ta rage, mai tsawo. A ware kowane kifi shi kaɗai, a haɗa shi da lafiyayye, a raini 'ya'yansa a tanki nasu daban har su balaga, wata uku ke nan in an yi sa'a, sannan a haɗa 'ya'yan da junansu, a soki jikoki a gani. Kowane kifi da danginsa, kowane dangi da tankinsa. Ba mu da tankuna masu yawan haka, saboda haka sai kashi-kashi, in an gama da waɗannan a zubar a ɗauko na gaba. Ga iyayen suna tsufa, tsohon zebra kuma ba ya zuba ƙwai. Na bi gidajen abinci ina roƙon manyan robobin mai, na wanke su da ruwan zafi har fatar hannuna ta saɓule. Ɗakin nan da kuke gani, har ƙarƙashin tebur kifi ne. Abincin jarirai kaɗai, ƙananan halittun nan na ruwan gishiri da ake ƙyanƙyashewa kullum, ya isa ya cinye wa mutum safiya. Ba Juma'a, ba Salla. Yawancin wahalar kuwa a kan jikokin kifin kasuwa muke yin ta, mun sani, ba yadda za mu yi.

Kashin farko ya fito lafiya. Na biyu ma haka. Ishaƙa ya nemi ƙarin wa'adi, masu tallafin suka ba shi kaɗan, suka ce daga shi ba ƙari. Duktura ta yi rubuce-rubuce, ta je ofis-ofis, ta ce ya rubuta abin da ya samu a baya a ba shi ƙaramin digiri ko yaya. Masu jarrabawa suka ce abin da ba a iya sake nunawa ba, ba a karɓarsa. Takardar zamansa ta ƙare. Mahaifinsa kuma ya kwanta ciwo a gida, shi ne babba. Kafin ya tafi sai da ya sa na raka shi Kalakla ya yi wa Yaya sallama. Ita ta kasa haɗa ido da shi, don zuwa lokacin ta gane, ta yi ta tura masa dabino da busasshiyar kuɓewa a jaka. Shi kuma yana ta cewa ta yafe masa wahalar da kifayensa suka ba ta. Ni na fita waje na tsaya, don abin ya fi ƙarfina.

Bayan tafiyarsa Duktura ta ce in ga dama in daina. Saura kashi ɗaya, na wasu tsofaffi da da ƙyar na samu suka zuba. Na ce tunda an raine su, bari a ƙarasa. Ba don ina sa rai ba, na gaji ne har na kasa tsayawa. Ishaƙa ya riga ya koya mini sukar, ko da yake hannuna bai kai nasa ba, ina ɓata uku kafin in sami ɗaya. Wata safiya, bayan damina ta wuce, na kwantar da wani ɗan kifi daga robar da ke can lungu, na soka, na zauna jiran jini ya tsaya in wuce na gaba. Bai tsaya ba. Na ce hannuna ne, na yaga jijiyar. Na ɗauko wani, ya tsaya. Na ɗauko wani, ya tsaya. Na huɗu ko na biyar ya yi ta zuba kamar na farko. Na kira Duktura ta zo ta soka da hannunta, ta duba, ta cire tabarau ta zauna. Ashe cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka tsira a ɗakin Yaya akwai guda mai ɗauke da abin, kuma shi ne kusan na ƙarshe a layi. Tankunan can uku na sama, jikokinsa ne.

Shi ya sa in za ku ba wani ajiyar kifi, ko wane ne, bayan kun gama maganar sabulu da abinci, ku ce masa a fili: in sun mutu ka bar su a mace, ka faɗa mini, ba abin kunya ba ne. Ku maimaita har ya ji haushi. Mutanenmu ba sa iya mayar da amana da giɓi, sai an roƙe su.

A ranar na ɗora wayata a bakin madubin na ɗauki hoton jinin yana gudu, na aika wa Ishaƙa, sannan na kira shi. Ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka sai na ji hayaniyar yara a bayansa, ashe ya sami koyarwa a wata makarantar sakandare a garinsu. Na ce ya ga abin da na aiko? Ya ce ya gani, ya kalla sau uku. Na ce Duktura ta ce in zai dawo za ta nema masa hanya. Sai ya ce mahaifinsa ya rasu, ƙannensa suna hannunsa, ya kuma yi aure.

“Ammu, ka gaya wa Hajiya ba su mutu duka ba, ta kwantar da hankalinta,” in ji shi. “Kifayen kuma Duktura ta ba wani ɗalibin. Bari in tafi, an buga ƙararrawa, ina da aji.”

Ɗayanku ne za a ba su. Ku tashi ku wanke hannu da ruwa zalla, ku zo in shinshina.